Rijiya Ta Bayar, Kada Guga Ya Hana

Gaisuwa ta musamman ga 'yan'uwanmu da ke zaune a Ikko, na Ojota da Ketu da Agege, waɗanda suka baro Filato, Kudancin Kaduna, Zuru, Adamawa da ƙasar Katsina domin neman abin zaman gari. Yau za mu yi magana a kan abubuwa uku waɗanda ikkilisiyar Katolika takan ɗaure su da igiya ɗaya cikin koyarwarta, wato bangaskiya, da tawali'u, da baiwar da Allah ya ba kowane mutum. In akwai Littafi Mai Tsarki kusa da ku, a buɗe Matiyu sura 25, aya 14 zuwa 30, a sa yatsa a wurin. Za mu komo kansa.

Bari mu fara da abin da dukanmu muka taɓa gani. An tashi daga sujada ran Lahadi. Shugaban zumunta ya miƙe ya ce ana neman wanda zai riƙa koya wa yara addu'o'i da ajin baftisma da Hausa, gama iyaye da yawa ba sa jin Turanci sosai. Wuri ya yi tsit. Kowa ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Can sai aka nuna wani ɗan'uwa wanda kowa ya san ya yi karatu, ya kuma iya zama da yara. Ya ɗaga hannu biyu ya ce, "A'a, ni wa? Ni mai gadi ne kawai. A nemi manya." Jama'a suka ce, kai, wannan bawan Allah akwai tawali'u. Aka watse. Yaran kuwa suka ƙara shekara guda ba mai koya musu.

To, ga tambayarmu ta yau. Abin da ɗan'uwan nan ya yi, tawali'u ne?

Mun san inda wannan hali ya fito, ba mu kuwa rena shi ba. Da kunya da kawaici aka rene mu. An koya mana cewa yaro ba ya shiga gaban babba, an kuma ce yabon kai jahilci. Wannan tarbiyya ce mai kyau, tana hana gida watsewa. Sai kuma ga zaman baƙunci ya ƙara nasa. Mutum ya sauka a tashar Ojota da jakarsa ɗaya, ya ga motoci ba iyaka a kan titin Ikorodu, ya ji ana zuba Yarabanci da Turanci kamar ruwan sama. A wurin aiki ana ce da shi "aboki" ko "malam", ba wanda ya tambayi sunansa na baftisma. Shekara ɗaya, shekara biyu, sannu a hankali sai ya fara ganin kansa yadda ake ganinsa, mai buɗe ƙofa da rufewa. Abin da ya iya a gida, karatu ne ko waƙa ko sulhunta masu faɗa, ya naɗe shi ya sa a ƙarƙashin tabarma.

Yanzu mu komo ga Matiyu. Yesu ya ba da misalin wani maigida da zai yi tafiya, ya kira bayinsa uku ya danƙa musu dukiyarsa. Ɗaya ya karɓi talanti biyar, ɗaya biyu, ɗaya kuma guda, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Na fari da na biyu suka shiga juya kuɗin har ya ninku. Na ukun ya haƙa rami ya binne nasa. Da maigidan ya dawo, biyun suka sami yabo iri ɗaya, kalma da kalma, ko da yake ribarsu ba ɗaya ba ce. Na ukun ya sha tsawa, aka ƙwace abin da ke hannunsa, aka fitar da shi.

Sau da yawa mukan ji tausayin mai talanti ɗaya, muna tsammani ɗan abu kaɗan aka ba shi. Bari mu yi lissafi. Talanti guda ya kai wajen dinari 6,000. Dinari guda kuwa ladan yinin lebura ne, kamar yadda muka gani a misalin ma'aikatan garkar inabi a Matiyu sura 20. Wato talanti ɗaya ya yi kusan ladan shekara 20 na mai aikin ƙarfi. Ɗan'uwa, ka lissafta albashinka na shekara 20, a zuba maka shi a hannu rana ɗaya. Abin da aka ba wanda ya fi kowa samun kaɗan ke nan.

Ku kuma lura, bawan nan bai saci ko anini ba. Bai sha giya da kuɗin ba, bai yi caca ba. Ya mayar da shi cif. In a cikin zumuntarmu ne, da mun ce mutum ne mai amana, marar rawar kai. Me ya sa ya binne? Shi da bakinsa ya faɗa. Ya ɗauki maigidansa mutum ne mai tsanani, mai girbin abin da bai shuka ba, saboda haka tsoro ya kama shi. A nan ne maganar bangaskiya ta shigo. Bayin nan biyu sun amince cewa wanda ya danƙa musu dukiya mai yawa haka ya yarda da su, don haka suka fita kasuwa da gaba gaɗi. Na ukun bai san maigidansa ba. Ya zauna a gidansa shekaru, ya ci tuwonsa, amma a zuciyarsa yana yi masa kallon azzalumi. Wanda yake ganin Allah kamar ɗan sanda mai jiran ya yi kuskure, ba zai taɓa yarda ya miƙe ya yi karatu a gaban jama'a ba, gama yana tsoron harshensa ya sarƙe. Wanda ya san Allah Uba ne zai miƙe, ko muryarsa tana rawa.

Ashe abin da muke kira tawali'u, wani lokaci tsoro ne ya sa rigar tawali'u.

Mene ne tawali'u na gaskiya? Akwai wata waliyya ta ƙasar Sifen, Teresa ta Avila, wadda ta rayu daga 1515 zuwa 1582. Ta koyar cewa tawali'u da gaskiya abu ɗaya ne, mai tawali'u shi ne wanda yake faɗin gaskiya game da kansa a gaban Allah. Gaskiyar nan kuwa fuska biyu gare ta. Ba ni da wani abu da ban karɓa ba, Manzo Bulus ya tuna wa Korantiyawa wannan a wasiƙarsa ta fari, sura 4 aya 7. Amma kuma na karɓa. Wanda ya ce shi ya yi kansa, ya yi ƙarya. Wanda ya ce ba a ba shi kome ba, shi ma ya yi ƙarya, har ya ɗora wa Allah rowa.

Masu zuwa kasuwar Mil 12 sun san 'yan dako. Tirela ta iso daga Arewa cike da kwandunan tumatir da buhunan albasa, ɗan dako ya sa gammo, aka ɗora masa kwando. Da za ka ga yana tafiya yana taƙama, yana cewa ku zo ku ga tumatirina, da ka yi dariya, gama kowa ya san kayan mai kaya ne. Amma a ce ya tsaya tsakiyar hanya da kwando a ka, ana tambayarsa, yana rantsuwa cewa ba ya ɗauke da kome. Wannan ma ai sai a ce ba lafiya. Tumatir kuwa ba ya jira, in ya yini a rana ya lalace. Aikin ɗan dako shi ne ya san abin da ke kansa, ya san mai shi, ya kai shi inda aka aike shi.

Haka Budurwa Maryamu ta yi. Ku karanta waƙarta a Luka sura 1, daga aya 46. A numfashi ɗaya ta kira kanta baiwar Allah mai ƙasƙanci, ta kuma shaida cewa Mai Iko ya yi mata manyan abubuwa, har ta ce zamanai masu zuwa za su kira ta mai albarka. Wata a cikinmu in ta faɗi haka sai a ce tana ji da kanta. Maryamu ba ta rage kome daga abin da aka yi mata ba, ta dai mayar da yabon ga wanda ya yi.

Ikkilisiya ta yi magana a fili a kan wannan. Bishop-bishop na duniya sun taru a Roma daga 1962 zuwa 1965, taron da ake kira Majalisar Vatikan ta Biyu. A takardar da suka fitar a kan ikkilisiya a 1964, sun bayyana cewa Ruhu Mai Tsarki yana rarraba baye-baye ga masu bi na kowane matsayi, ba ga Fada da sista kaɗai ba, kuma ko baiwa fitacciya ce ko ƙarama wadda mutane da yawa suke da ita, a karɓe ta da godiya. A wata takardar ta 1965 a kan aikin sauran masu bi, sun ƙara da cewa wanda ya karɓi baiwa, ko mafi sauƙi, yana da hakkin yin aiki da ita, kuma wajibi ne a kansa ya yi. Ku riƙe kalmar nan, wajibi. Ba alfarma muke yi wa ikkilisiya ba in mun ce to.

Ga wani labari na garin nan da muke zaune, wanda muke so kowane gida ya sani. Kafin a sami Fada ko ɗaya mazauni a Legas, akwai Katolika a tsibirin. Bayi ne da aka 'yanta a ƙasar Brazil suka komo gaɓar Afirka, ana kiransu Aguda. A cikinsu akwai wani mutum mai suna Antonio, shi ma 'yantaccen bawa ne, wanda ya koyi addu'o'i da koyarwar ikkilisiya a can ƙetaren teku. Ba a naɗa shi kome ba. Amma ya duba ya ga jama'a kamar tumakin da ba makiyayi, sai ya riƙa tara su ran Lahadi suna addu'a, yana yi wa jarirai baftisma, yana addu'a a bakin kabari in an yi rasuwa. Mutane suka ƙaunace shi har suna kiransa Padre Antonio, wato Fada Antonio, ko da yake shi ba Fada ba ne. Sa'ad da Fada Francesco Borghero na ƙungiyar SMA ya ziyarci Legas a farkon shekarun 1860, ya tarar da jama'ar Katolika a raye. A 1868 Fada Pierre Bouche ya zo ya kafa mishan ya zauna.

Ku yi tunani. Da Antonio ya ce, "Ni wa? Ni tsohon bawa ne kawai, a jira manya," da masu mishan sun iso sun tarar da toka babu wuta. Ga kuma rabi na biyu na labarin, wanda a ganinmu ya fi na farin wuya. Da firistocin suka zo, Antonio bai ja daga da su ba, bai kwashe mabiyansa ya buɗe tasa majami'a ba. Ya miƙa musu ragamar, ya ci gaba da taimako a matsayin katikis. Mutumin da shekara da shekaru shi ne gaba, ya yarda ya koma gefe.

Mu 'yan Arewa ba baƙi ba ne ga irin wannan. Tun da firistocin SMA suka sauka a Shendam a 1907, Fada ɗaya yakan riƙe ƙauyuka masu yawa, sai bayan makonni ko watanni a gan shi. Wa ya riƙe majami'un ƙauye a tsakani? Katikis ne, da keke ko da ƙafa, da ɗan littafin addu'a na Hausa, yana fassara wa tsofaffi da Ngas ko Goemai ko Jju. Da yawa daga cikinmu a hannunsu muka koyi alamar gicciye. A watan Mayu na 2021 Paparoma Francis ya kafa hidimar katikis a matsayin hidima tabbatacciya cikin ikkilisiyar duniya duka. Mu kam mun daɗe da sanin darajarsu.

Rabin labarin Antonio na biyu ya kai mu ga ɗaya ramin, gama ba mai binnewa kaɗai ke ɓata baiwa ba. Akwai wanda ya karɓi aiki ya mai da shi gadon gidansu. Shekara goma sha biyar shi ne mai ba da waƙa, in wata yarinya mai zaƙin murya ta taso sai ransa ya ɓaci. Akwai uwar zumunta wadda in ba a ambaci sunanta a sanarwa ba, mako uku ba za a gan ta ba. Kada mu yi saurin juyawa mu dubi na kusa da mu. Gwano ba ya jin warin jikinsa, mu masu magana a rediyo ma wannan jaraba tana bakin ƙofarmu kowace rana.

A Luka sura 17, manzanni sun roƙi Yesu ya ƙara musu bangaskiya. Ya amsa musu da ƙwayar mustad, cewa bangaskiya ƙanƙanuwa kamar wannan ta isa ta tumɓuke babban itace. Nan take, ba tare da ya sauya magana ba, ya ba su misalin bawan da ya dawo daga gona ya shiga hidimar abincin maigidansa, bai tsaya jiran a gode masa ba, gama abin da ya wajaba ne ya yi. Ba a banza Luka ya jera su tare ba. Wanda Allah ya yi babban abu ta hannunsa, shi ne ya fi bukatar tunawa cewa shi ɗan aike ne. Tawali'u kuma ya haɗa da yarda a yi maka hidima. A daren Alhamis Mai Tsarki, da Yesu ya durƙusa zai wanke ƙafafun almajiransa, Bitrus ya ƙi. Da ka gan shi sai ka ce ladabi ne. Yesu kuwa ya nuna masa cewa in bai yarda an wanke shi ba, ba shi da rabo tare da shi. Mai baiwar da ba ya karɓar gyara, ba ya kuma yarda wani ya fi shi a wani abu, yana tsaye inda Bitrus ya tsaya a daren nan.

Wani mai sauraro zai ce, to, yaya waɗanda suka bar babban aiki suka shige gidan zuhudu? Ba binnewa suka yi ba? Tambaya ce mai kyau, muna kuwa da misali a ƙasarmu. Fada Cyprian Michael Iwene Tansi, mutumin Aguleri, an haife shi a 1903, aka naɗa shi firist a Onitsha a 1937. Ya yi aiki mai ƙarfi a ƙauyuka, shi ne ya yi wa yaron da ya zama Kadinal Francis Arinze baftisma. A 1950, da yardar Bishop ɗinsa, ya tafi gidan zuhudu na Mount Saint Bernard a Ingila, da begen wata rana a kawo irin wannan rayuwar addu'a Nijeriya. A can ya zama ɗaya daga cikin 'yan'uwa, yana ƙananan ayyuka cikin sanyin da bai saba ba. Da lokacin buɗe sabon gidan ya yi, sai aka kai shi Kamaru, kusa da Bamenda, shi kuwa ciwo ya hana shi tafiya. Ya rasu a Leicester ran 20 ga Janairu 1964. Paparoma John Paul na Biyu ya zo Nijeriya ya ɗaga shi zuwa matsayin Mai Albarka ran 22 ga Maris 1998. Bawan nan na misali ya haƙa rami don ya tsira da kansa. Tansi ya ba da kansa ne, ya kuma bi ta hannun shugabanninsa, bai yanke shawara shi kaɗai a ɗaki ba. Daga waje ɓoyewar biyu ta yi kama. Abin da ya sa aka ɓoye shi ne ya raba su.

To, yaya mutum zai gane tasa baiwar? Kada mu tsaya jiran mafarki ko murya daga sama. Ku duba jerin da Bulus ya yi a Romawa sura 12, za ku ga har da hidima, da ƙarfafa zuciya, da bayarwa, da jinƙai, abubuwan da ake yi a tsakar gida. Ka tambayi kanka, me mutane suke zuwa nema a wurina? In maƙwabta suka yi faɗa, ƙofar wa ake bugawa? In baƙo ya sauka daga gida bai san kowa ba, wa yake sama masa wurin kwana? Ka tambayi matarka, ki tambayi mijinki, gama sau da yawa na kusa ya riga mai baiwa ganinta. Sa'an nan a kai maganar wurin Fada ko katikis, domin ikkilisiya ta ce aikin shugabanni ne su gwada baye-baye, ba tare da sun kashe wutar Ruhu ba.

Akwai kuma wata baiwa da take kwance a kusan kowane gida da ke jin wannan shiri, ba ma lissafa ta. Yawancinmu muna jin harshe uku ko huɗu, na iyaye, da Hausa, da Turancin kasuwa, wasu har da Yarabanci. A ce wata ta zo daga ƙauye da ɗa marar lafiya, ta tsaya a asibiti, likita yana tambaya ba ta gane ba. Wadda ta bar sana'arta ta raka ta, ta tsaya tsakani tana fassara, ta juya talantinta. In kuma marar lafiyar maƙwabciya ce Musulma daga Zangon Agege, ba a rage kome daga ladan ba. Hausawa sun daɗe a Agege tun zamanin fataucin goro da jirgin ƙasa, muna sayen nama da hatsi a hannunsu, muna magana da harshe ɗaya. Allah bai sa mu kusa da su a banza ba.

Iyaye, kalma ɗaya gare ku. In kun ga yaro yana da hannu a wani abu, ku faɗa masa. Ku ce, Allah ya ba ka kan lissafi, Allah ya ba ki haƙuri da ƙannenki, sa'an nan ku nuna masa wanda zai taimaka da shi. Yaron da kullum yake jin "kai wane ne" zai girma ya zama mai cewa "ni wa". Hausawa suna cewa rijiya ta bayar, guga ya hana. Sau da yawa a gida ake huda gugan tun yana sabo.

Shi kuma ɗan'uwanmu mai gadi, in yana jinmu a ɗan ɗakinsa na bakin ƙofa, har yanzu yaran suna nan, ba a sami mai koya musu ba. Lahadi tana zuwa.

A shiri na gaba za mu duba Korantiyawa ta fari sura 12, inda Bulus ya kwatanta ikkilisiya da jiki mai gaɓoɓi da yawa. A karanta ta a gida kafin lokacin, a bar yara su karanta da ƙarfi ko suna tuntuɓe. Sai mun sake saduwa, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.